Muryar Inna Uwani a Layin Ƙarshe

Duk wanda ya shigo lungunmu a Yakasai ya ɗaga kai, shuɗayen wayoyi zai gani sun bi ta kan katangu, sun kewaye indararo, sun shige ta tagogi. Na Baba Sabo ne. Da hannunsa ya ja su, kuma ta cikinsu intanet ke shiga gidajenmu. Sabis ɗin waya ba ya shiri da lungun nan. Gidajen a cushe suke, katangun ƙasa ne masu kauri, sai mutum ya fita har bakin titi kafin wayarsa ta farfaɗo. Wannan rashin shi ya zame wa Baba Sabo sana'a.

Mijin Inna Uwani ne, yayar mahaifiyata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun da na gama jami'a na dawo gida, rabin yinina a wurinsu nake yi.

A gidan marina aka haife shi, a Ƙofar Mata. Mahaifinsa har ya rasu shuni bai bar hannunsa ba. Shi kuwa bai zauna a bakin rijiyar rini ba. Ya bi wani mai haɗa wayar lantarki, daga nan ya koma ja wa ofisoshi wayar kwamfuta, har ya buɗe shagon intanet a zamanin da ake bin layi don duba sakamakon jarrabawa. Da wayar hannu ta kashe irin shagunan, ya sayar da kwamfutocin, ya kafa dogon ƙarfe a kan soronsa, ya ɗaura masa faranti mai kamo intanet daga wani kamfani a bayan ganuwa, ya shiga rarraba wa maƙwabta. Yakan ce, "Ubana shuɗin zane, ni shuɗiyar waya. Wa ya ce na bar gado?"

Abu ɗaya ya ƙi sayarwa daga kayan shagon: wani akwati mai faɗi, mai ramuka takwas, kowane rami da 'yar koriyar fitilarsa. Suwic suke ce masa. A zaure yake, cikin kabad mai ƙofar raga, kuma duk wayoyin lungun a jikinsa suke ƙarewa. Wata rana na kai masa abinci na tsaya ina kallon fitilun, sai ya yi mini bayani ba tare da na tambaya ba, don ya san ba zan iya tambayar ba.

"Shamsiyya, hanyar shigowa tana da faɗi, ba ta da matsala. Ta fita ce siririya, kamar lungun nan namu, kurar ruwa ɗaya ke wucewa. Duk abin da zai fita, murya ko hoto ko saƙo, sai an yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, su bi layi a bakin ƙofa. Layi huɗu ne a cikin akwatin nan. Ni ke gaya masa wa zai fara wucewa."

Yadda ake fitar da kwanukan abinci ranar suna, haka ya tsara su. Masallaci a layin farko. Gidan Mai Unguwa da na dattawa a na biyu. Shaguna da sauran gidaje a na uku. Gidansa shi kaɗai a na huɗu.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, naka ne a ƙarshe?"

"To a ina zan sa shi? In ɗora gidana a kan na mutane? Ai da kunya."

Layin farkon kuma ba irin sauran ba ne. Akwatin yana da tsari biyu: ko a riƙa karɓa-karɓa kowa ya ɗan samu, ko kuma a ba na farko fifiko mai tsanani, wato muddin akwai ƙunshi ko ɗaya a cikinsa, sauran ba mai motsi. Baba Sabo mai tsananin ya zaɓa, kuma da dalili. A azumin bara, ana watsa tafsirin Malam Isiyaku kai tsaye daga masallacin unguwa, hoton ya riƙa daskarewa, Malam ya tsaya da baki a buɗe a wayoyin mutane. Abdulhakeem, mai kula da kyamara, ya kawo ƙara. Baba Sabo ya durƙusa gaban Malam, cikin jama'a, ya ce, "Allah gafarta Malam, muddin ina da rai, babu abin da zai sake shiga gaban karatun nan."

Mubarak ne ɗansu na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Shi ke hawa ƙarfen, shi ke bin katangu da guduma a ƙugu. Ya gaji. Ya ce zai tsallaka hamada, ya haye teku kamar yadda wasu abokansa suka yi. Baba Sabo ya yi faɗa ya yi lallashi. Inna Uwani ba ta ce komai ba sai ranar da ta gan shi da jaka. Tana tsaye a bakin madafa ta ce, "In ka sa ƙafa ka fita ƙofar nan, ban yafe ba." Ya tsaya jim, ya fita. Daga Agadas ya kira mahaifinsa sau ɗaya, sai shiru.

Bayan wasu watanni hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakin ya dawo, da ɗan nauyi, amma hannu da ƙafa ba su dawo ba. Ni ke riƙe mata waya in 'ya'yanta mata sun kira daga gidajen aurensu.

Cikin azumin bana, bayan La'asar, mai jan baƙi ya fara karatu a lasifikar masallaci, ina gyara mata matashi, sai wayar ta yi ƙara. Kiran intanet ne, daga baƙuwar lamba ta ƙasar waje. Na ɗauka na kara mata.

"Umma? Umma, ni ne. Mubarak ne."

Ta yunƙura za ta tashi, jikin ya ƙi. A al'adarta ba ta kiran sunansa, tunda ɗan fari ne. Tun yana goye "ɗan nan" take ce masa.

"Ɗan nan! Kana ina? Kana raye?"

"Umma, kina ji na? Na ga an ɗauka." Muryarsa tar, kamar yana zaure. "Wayar aro ce, ba zan daɗe ba. Muna wani gida a bakin teku. Umma, ki yafe min."

"Na yafe! Wallahi na yafe!"

"Umma, don Allah ki yi magana. Ko zagina ne ki yi."

"Ga shi ina yi! Shamsiyya, gaya masa ina yi!"

Na kai bakina jikin wayar na ce, "Yaya Mubarak, tana jin ka, ta ce ta yafe." Sai ya ce a hankali, "Shi ke nan, Umma. Na san abin da na yi." Kiran ya yanke.

Baba Sabo ya shigo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ya kira lambar, a kashe. Bayan shan ruwa ya gwada layinsa, ya kira wannan ya kira wancan, kowa na jin sa garau. Ya ce, "Daga can ne. Ƙasar mutane, wayar aro, wane sabis za a samu?" Duk muka yarda.

Mubarak ya sake kira, ya kuma sakewa. Ba kullum ba, kuma kowane kira da sabuwar lamba, amma koyaushe bayan La'asar, don a lokacin ne mai tsaron gidan ke ba su aron waya. Mu muna jin sa, shi ba ya jin mu. Inna ta yi ta ihu har muryarta ta dishe. Na ɗauki muryarta na aika wa lambobin, babu saƙon da aka buɗe. Ta daina shan kunu da kyau a buɗa-baki. Baba Sabo ya rame a tsaye. Ya hau ƙarfen da kansa, da azumi a bakinsa da furfurarsa, ya juya farantin, ya sauko, bai sami laifin komai ba.

Sai ranar da Mubarak ya kira bai ko yi sallama ba.

"Umma, sun ce ruwa ya kwanta. Jibi za mu shiga. Gobe zan ƙara kira, shi ne na ƙarshe. Ba na so in shiga ruwan nan da fushinki a kaina. In goben ma ba ki yi magana ba, to na gane."

Yana kashewa na ɗauki muryarta na aika nan take, ko Allah zai sa wayar tana hannunsa. Saƙon ya ƙi tafiya. Ɗan agogon da ke gefensa ya tsaya cak. Na zuba masa ido, Inna na kuka a gefena, Malam Isiyaku na ta fassara a lasifika. Sai da Malam ya rufe karatu aka shafa fatiha, a daidai lokacin, saƙon ya wuce. Na tuna haka saƙonnina ga wata ƙawata suka riƙa yi tun farkon azumi, ban kawo komai a raina ba.

Na sami Baba Sabo a zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, saƙon bai tafi ba sai da Malam ya shafa fatiha."

Bai ɗago da wuri ba. Da ya ɗago, bai dube ni ba, akwatin ya duba. Ya jawo tsohuwar kwamfutarsa ya shiga cikin tsarin suwic ɗin. Akwai wurin da yake nuna ƙunshin da aka zubar a kowane layi saboda sun gaji da jira. Na layin farko babu ko ɗaya. Na layi na huɗu lambar ta cika gurbinta.

"Sabuwar kyamara," ya ce. "Abdulhakeem ya sayo sabuwa bana, mai nauyin hoto. Ita kaɗai ta cika hanyar fita. Layin farko ba ya ƙarewa, balle a zo kan na huɗu." Ya dafe kai da hannu biyu. "Ni ne, Shamsiyya. Ni na toshe mata baki. Tana ta ihu, ni kuma akwatina yana kwashewa yana zubarwa."

Na ce, "Ba za a iya gyarawa ba?"

"Yanzu-yanzu ma. In ɗauko ramin gidan nan in kai shi layin farko, in sauko da masallaci na biyu. Murya ba ta da nauyi." Ya ɗauke hannu daga kan kwamfutar. "Amma na yi alkawari a gaban Malam. Kuma me zan ce wa Allah? Na sa maganar gidana a gaban littafinsa?"

Da safe muka fara neman wata hanya. Muka gwada zaunar da Inna a kujera don a ɗauke ta zuwa bakin titi, inda sabis yake. Ba a kai tsakar gida ba jiri ya kwashe ta, idanunta suka juye, dole aka mayar da ita gado. Na ce ni in fita da wayar in gaya masa. Ta girgiza kai.

"Zai ce lallashinsa kuke yi. Da bakina na ɗaure shi. Bakina yake so ya ji."

Baba Sabo ya tafi wurin Abdulhakeem, na bi shi a baya da sunan zan sayo ƙanƙara. Muka same shi a ƙofar masallaci yana goge gilashin kyamara da gefen rigarsa.

"A'a, Baba Sabo, injiniyan injiniyoyi! Bana kam ka fita kunya. Har daga Legas ana yabon hoton."

"Abdul, wata alfarma nake nema. Yau kaɗai, ka rage nauyin hoton nan kaɗan."

"In rage? Malam ya fito dishi-dishi kamar an ɗauke shi ta cikin labule? Haba Baba."

"To bari in sa wani kira a gabansa. Ɗan ƙarami ne, zare ɗaya a cikin bandir ɗin yadi. Ba za ka ko lura ba."

"Bara ma haka ka ce ba za a lura ba, Malam ya yini da baki a buɗe. Wane kira ne wannan da ya fi tafsiri? Ko amarya za a yi mana?" Ya yi dariya.

Baba Sabo ba zai iya tsayawa a ƙofar masallaci ya ce matarsa ta yi wa ɗanta baki ba. Maganar ba ta taɓa fita daga gidan ba. Ya ce, "Ba komai," ya juyo.

Bayan Azahar ya gwada Malam da kansa. Da ya dawo ban tambaye shi ba, shi ya faɗa, yana cire hula. Ya durƙusa ya gaishe shi, mutane kewaye, kafin ya haɗa kalma Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce wa jama'a, "Ga mutumin da ya riƙe alkawari. Sabo, Allah ya yi maka albarka." Kowa ya ce amin. Shi ma ya ce amin, ya taso. Daga nan Malam ya shige ɗakin nazari, inda ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa sai lokacin karatu.

Da aka idar da La'asar Baba Sabo ya zauna gaban kwamfutar. Ya ɗauko ramin gidansa ya kai layin farko, ya sauko da na masallaci. Saura ya danna wurin tabbatarwa. Ya ɗora yatsa ya ɗauke. Ya tashi ya kai ƙofa ya dawo. Mai jan baƙi ya yi basmala a lasifika, fitilar ramin masallaci ta shiga ƙyaftawa ba tsayawa.

"Jeki wurinta," ya ce mini. "Wataƙila ma ba zai kira ba."

Na koma ɗaki. Inna ta sa na ɗaura mata sabon kallabi, kamar zai gan ta. Na riƙe wayar. Malam ya yi nisa cikin fassara, har na fara tunanin an hana shi aron, sai ta yi ƙara.

"Umma. Ni ne."

"Ina ji, ɗan nan, ina ji! Na yafe!"

"Umma?" Ya jira. Ana jin hayaniyar mutane a bayansa, da wani yana ce masa ya yi sauri. "To. Allah ya ba ki haƙuri. Ki gaida Baba. Ki ce masa..."

Ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, ko a namu. Ranar na ji kaina na ƙwala kira har ya fi lasifikar: "Baba! Zai kashe!"

Daga zaure na ji ya ce "Astagfirullah" da ƙarfi, kamar wanda aka soka wa abu. Ashe wurin tabbatarwar ya danna. Inna ta sarƙe da kuka ta hau tari.

"Wa ke tari?" in ji Mubarak. "Umma? Na ji tari. Umma, ke ce?"

Ta damƙe hannuna da hannunta mai lafiya ta jawo wayar har ta taɓa leɓenta.

"Mubarak."

Tun da nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Shi ma na san bai taɓa ji ba, don wani irin sauti ya yi, ba kuka ba, ba magana ba.

"Mubarak, na yafe maka duniya da lahira. Tun ranar na yafe, kafin ka kai bakin titi. Ka ji? Ka ji ni?"

"Na ji, Umma. Na ji."

"Kada ka shiga ruwan nan. Ka dawo. Ko da ƙafa ne ka dawo."

"Umma, ai mun riga mun..." Wata murya ta daka masa tsawa da wani harshe, kiran ya yanke.

Baba Sabo yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Bai samu ya yi wa ɗansa magana ba. Ya juya ya sa hularsa, ya ce zai je ya gaya wa Malam ya karya alkawari, a yi masa duk hukuncin da za a yi.

Bai jima ba ya dawo. Ya zauna a zaure a ƙasa, ya jingina da kabad ɗin. Aka kira Magariba, na kawo masa dabino da ruwa, bai taɓa ba.

"Ban ko kai ga Malam ba," ya ce. "Abdul na tarar yana naɗe waya. Yana ganina ya ce, ‘Ka gani ko, Baba? Yau hoton ko ƙyaftawa bai yi ba. Da na biye maka da mun ɓata shi a banza.’" Ya dube ni, idanunsa jawur. "Ko ƙyaftawa, Shamsiyya. Ita ta wuce, karatu ya wuce, ƙofar ta ishe su. Duk kwanakin nan da yaron nan yake roƙo."

Na tura masa kofin kusa. Da ƙyar ya kurɓa.

Azumi ya wuce, aka yi Salla, Mubarak bai sake kira ba. Ba mu san ko ya shiga jirgin ruwan ba, ko ya ji maganarta ya tsaya. Baba Sabo ya bi duk wanda aka ce ya dawo daga can, har Fagge har Kurna, da hoton ɗansa a aljihu. Babu wanda ya ce ya san shi.

Bai mayar da tsarin yadda yake ba. Ramin gidansa na nan a layin farko, masallaci na bin sa, sauran kowa a inda yake. Ya canja kalmar sirrin intanet ɗin gidan, ya cire wayarsa, ya cire tawa, ya bar ta Inna ita kaɗai, don kada wani abu ya tare hanya. Kullum a jone take da caji, a kan matashinta, ta ɓangaren hannun da ke motsi.

Har yanzu yana bin katangu da guduma, in waya ta tsinke ko ɓera ya ci. Amma duk inda yake, da an kira La'asar zai tattara kayansa. Yana idar da salla zai dawo zaure, ya buɗe ƙofar ragar, ya jawo kujera gaban akwatin, ya zauna yana kallon 'yar koriyar fitilar ramin gidansa har a kira Magariba.